Indararon da Na Juya Gidan Dada

Ran babbar Sallar da ta wuce ina zaune a zaure bayan an gama fiɗar rago, sai ga jikata Ummi ta shigo da waya a hannu tana dariya har da riƙe ciki. Wai an turo mata wani tsohon wasan kwaikwayo na talabijin, kuma ta ga sunana a ƙarshensa. Tun kafin ta miƙo mini wayar na ji muryar da ke fitowa daga ciki, muryar wata tsohuwa tana karya harshe irin na Fulani.

"Ke akuya, faɗa wa wancan gidan ni ba kifi ba ce."

Ummi ta sake fashewa da dariya, ta ce, "Kaka, ashe kai ka rubuta wannan? Ina ka samo wannan masifaffiyar tsohuwa?"

Na ce mata ta je ta taya uwarta suya. Na san na amsa mata a daƙile, don yarinyar ta fita tana waigena. Ita ba ta da laifi. Ku ma 'ya'yana da kuka haifi su Ummi ba ku da laifi, domin ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. Kun tashi kuna jin mutane suna kirana Malam Isyaku mai wasan Akuya, kuna jin daɗi idan an nuna ku an ce ga 'ya'yansa. To wannan babin na rubuta shi ne don ku san cewa tsohuwar da ake yi wa dariya a cikin wasan nan kakarku ce, Dada, uwar mahaifiyarku. Abin da aka nuna tana yi kuwa ba ta taɓa yin sa ba. Ni na ƙirƙira shi da hannuna, kuma har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gidanmu na Kiyawa da gidan su Dada katanga ɗaya ce ta raba su, katangar ƙasa wadda ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba. Dada Bafulatana ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shanu a hannun ɗanta a ruga, ita kuma ta zauna a gari tana sayar da fura da nono a gindin wata tsamiya kusa da tasha. Tana ɗingisa ƙafar hagu, tun wata saniya da ta harbe ta tana budurwa. Mahaifiyata Iya kuwa Bahaushiya ce mai baki, wadda idan ta fara magana sai ta ga ƙarshenta. Amma kafin aurena babu aminai a unguwar nan kamar su biyun. Ta kan katanga ake miƙo gishiri, ta kan katanga ake miƙo wuta, ta nan ake gulmar duk wanda ya wuce. Ranar da aka ɗaura aurena da Hajara, wato mahaifiyarku, ranar aka rufe wannan hanya. Sun zama surukai, kunya ta shiga tsakani. Dada ta ɗauki abin irin na Fulani, da gaske. Ba ta ƙara kallon idon Iya ba, ni kuwa idan ta hango ni a lungu sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska har in wuce. Ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce malamin makaranta. Ko ruwa ba ta sha a gabana. Na taɓa shiga gidanta tana tsakiyar cin abinci, ta kifa faifai a kan kwanon, ta zauna da yunwarta har na gama gaisuwata ta doguwa na tafi. A lokacin dariya abin yake ba ni, ban san girma ake ba ni ba.

Da zan yi auren ne na gina wa amarya ɗakin soro jikin katangar. Da aka zo kafa indararo, magini ya tsaya a kan rufi ya tambaye ni ta ina zai juya bakinsa. Ya ce idan ya juya shi cikin gidanmu sai an haƙa magudana an fitar da ruwan waje, aikin yini guda ne. Na leƙa ta kan katanga na ga fili a gidan Dada, babu komai a wurin sai rumbun gero da turken akuya.

"Juya shi can," na ce masa.

Ya ce, "Malam, gidan surukanka ne fa."

"Ai gida ɗaya ne yanzu," na ce.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a wasan an nuna cewa indararon tun na kakanni ne, babu wanda ya san mai kafa shi. Ni na ce a juya shi, don kawai ina ƙyashin aikin yini guda.

Da damina ta sauka, duk ruwan da soron nan ya tara sai ya riƙa kwarara a gindin rumbun Dada. Ba za ta iya yi mini magana ba, ni surukinta ne. Ba za ta iya yi wa Iya ba, ita ma surukarta ce. Sai ta samo dabara. Tana da wata jar akuya mai ƙaho ɗaya, idan ruwa ya ɗauke sai ta tsaya kusa da ita ta ɗaga murya daidai yadda za a ji a gidanmu.

"Ke akuya, yau ma kin sha wanka. Allah ya ba masu soro lada."

Iya kuwa ba a yi mata habaici ta kwana da shi. Ba ta da akuya, sai ta juya kan kajinta.

"Ku kaji, ku faɗa wa mai jin haushin ruwan sama ta kai ƙara wurin mai saukar da shi."

Haka aka yi ta yi damina bayan damina, akuya da kaji suna ɗaukar saƙo. Maƙwabta suka gane, har wasu matan kan fake da aron turmi su shigo gidanmu bayan ruwa don su ji. Magana ta tashi daga indararo ta koma kan tuwon da aka kai ran suna bai ji man shanu ba, ta koma kan wa ya fi wani asali. Ni kuwa ina ɗaki da littafina, ina rubuta duk abin da suka faɗa, ina dariya ƙasa-ƙasa. Dada ta ga magana ba ta yi ba, sai ta jawo wata babbar randa ta ajiye a ƙarƙashin indararon don ta tare ruwan kada ya ci gindin rumbu. Idan randar ta cika sai ta fito cikin ruwan da ƙafarta mai ciwo, ta kwashe da ƙwarya ta kai bakin ƙofa ta zubar, ta dawo ta sake. Daga tagar ɗakina ina jin ƙarar ƙwaryar tana gogar bakin randa.

Mahaifiyarku ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Takan bari sai na ci abinci na sha ruwa.

"Malam, da ka sa an juya indararon nan. Dada ba yarinya ba ce."

"Bari damina ta wuce," nake ce mata. Idan damina ta wuce kuma sai in ce ai yanzu babu ruwa, mene ne abin gaggawa.

A shekarun nan ne aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni, kowa yana neman inda zai rataya hularsa. Ni malamin firamare ne, amma tun ina ɗalibi nake rubuta wasan kwaikwayo, ina ganin koyar da yara haruffa ya yi mini kaɗan. Muna da wata 'yar ƙungiya, kowace Asabar nakan hau babur in tafi Dutse mu yi gwaji. Shugabanmu wani mutum ne da ake kira Malam Ɗanjuma, shi ya samo mana fili a gidan talabijin, rabin sa'a kowace Juma'a. Mun yi wasanni shida babu wanda ya tanka mana, har an fara cewa za a ba wasu filin. Sai na kawo masa littafin nan na akuya da kaji. Ya karanta a tsaye yana dariya har hularsa ta faɗi, amma da ya kai ƙarshe sai ya ɓata fuska.

"Isyaku, abu ya yi daɗi, sai dai babu mai laifi. Mutane suna son wadda za su tsana. Me tsohuwar nan take yi da ruwan da take tarawa a randa?"

Na ce zubarwa take yi.

"Wa zai yi dariya don an zubar da ruwa? Ka ce nono take sayarwa ko? To ka yi tunani."

Bai faɗi fiye da haka ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ba shi ya yi ba. Ni na zauna a kan benci a harabar gidan talabijin na rubuta sabon ƙarshe. Na sa tsohuwar tana ta masifa da rana a kan indararo, alhali a ɓoye murna take yi, domin da ruwan take tsarma nononta ta kai kasuwa. Na sa surukinta ya gaji ya ce zai juya indararon, ita kuma ta rikice tana roƙon akuya ta hana shi. Ina rubutawa ina jin daɗin kaina. Na tuna sarai wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, na ce wa kaina ai wasa ne, ai ba a faɗi sunan kowa ba.

Da na tsaya a nan, wataƙila da abin ya wuce. Amma ni mutum ne mai son a ce aikinsa ya fito. Matar da za ta yi tsohuwar na koya mata yadda Dada take karya harshe, na koya mata ɗingishin ƙafar hagu, har na tashi na gwada mata a gaban mutane suna tafa mini. Sannan aka rasa ƙwaryar nono mai kyau da za a nuna. Na ce ina da ita a gida. Dada tana da ƙore biyu iri ɗaya, mijinta ne ya zana mata su da wuƙa mai zafi, zanen tsuntsaye jere baki da wutsiya har suka zagaye ƙwaryar. Babu irinsu a kasuwar Kiyawa, daga nesa masu saye suke gane wurinta da su. Ɗaya tana kai nono da ita, ɗayar ta ba mahaifiyarku cikin kayan ɗaki. Na jira Hajara ta shiga makewayi, na sauke ƙwaryar daga kan jere, na naɗe ta a buhu na ɗaure a bayan babur. Da aka gama ɗauka na maido ta inda take, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar da za a nuna wasan, Juma'a ce bayan la'asar. Na riga na sayi 'yar talabijin mai amfani da batirin mota, na fito da ita tsakar gida na ɗora a kan turmi, na aika a faɗa wa maƙwabta su zo su ga aikin ɗansu. Mata suka cika gidan da yaransu, maza suka tsaya a bakin zaure suna leƙe. Wurin da na ajiye talabijin ɗin bai fi taku uku daga katangar Dada ba, kuma na ƙure murya. Tsohuwar tana fitowa da ɗingishinta aka fara ƙyalƙyala, da ta buɗe baki ta ce ke akuya sai gida ya ɗauka gaba ɗaya. Iya ta yi dariya har da hawaye tana dukan cinyar ta kusa da ita. Ni ina tsaye a baya na harɗe hannu, kaina ya kumbura. Da aka zo inda tsohuwar take ɗebo ruwan randa tana zubawa cikin nono, mai ɗaukar hoto ya matso da ƙwaryar ta cika fuskar talabijin, tsuntsayen nan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta canza. Wata mata ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "La, ƙwaryar Dada." Wata ta ce ashe haka ne, ita dama ta daɗe tana ganin nonon ya yi ruwa-ruwa. Sai a lokacin na nemi mahaifiyarku da ido. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da ɗanmu Aminu a cinya, ba talabijin take kallo ba, katanga take kallo. Ta wancan gefen babu motsin komai, ko akuyar ba ta yi kuka ba.

Da mutane suka watse ina kwance waya daga batir, ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, yaushe ka ɗauki ƙwaryata?"

Na fara yi mata bayanin yadda ake wasan kwaikwayo, cewa marubuci yana ɗauka daga rayuwa ne ya ƙara gishiri. Har da turanci na haɗa mata. Ta bar ni na gama.

"Ka taɓa ganin Dada ta zuba ruwa a nono?"

"Ban taɓa ba."

"To shi ke nan," ta ce, ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi yaji ba. Washegari na ga babu ƙwaryar a kan jere, kuma ban ƙara ganinta ba sai bayan rasuwar Dada.

A Dutse kuwa na zama mutum. Aka bar mana filin, aka riƙa maimaita wasan duk Sallah da duk lokacin da aka rasa abin nunawa. Direbobin tasha suka ɗauki ke akuya suka mayar da ita abin tsokanar juna. Na shiga mota zuwa Jahun wani yini na ji fasinjoji biyu suna maimaita wasan daga farko har ƙarshe, na yi ta murmushi ina jira a gane ni. A cikin waɗannan makonni ban tambayi halin da Dada take ciki ba, don na san amsar ba za ta yi mini daɗi ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Ranar kasuwa ta farko ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi gindin tsamiya kamar kullum. Samari suka riƙa wucewa suna kukan akuya. Wani mutum da ya shekara goma yana shan furarta ya tsoma ludayi ya ɗaga sama yana tsiyayar da nonon, wai yana duba kaurinsa, ya tambaye ta ko jiya an yi ruwa. Ta zauna har la'asar, ta dawo da ƙwaryarta a cike. Ta sake fita sau biyu. Daga nan ta aika wa ɗanta a ruga cewa kada a ƙara kawo mata nono. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Matar da ta shekara talatin tana ratsa garin nan da ƙwarya a ka, ta koma ba ta wuce ƙofar gida.

Iya ce ta fara dawowa hayyacinta. Wata safiya an kwana ana ruwa, ta fito tsakar gida ta tsaya jikin katanga tana jira a yi wa akuya magana. Shiru. Ta watsa wa kaji tsaba ta yi habaicinta, ba a amsa ba. Ta ƙara, ba a amsa ba. Sai ta zo ta same ni ina goge babur.

"Isyaku, ni faɗa nake yi da ƙawata. Kai me ka yi?"

Na ajiye tsumman da ke hannuna.

"Shekara ashirin ina shan nonon matar nan. Na yi dariya ran nan, Allah ya yafe mini. Kai kuwa tashi za ka yi yanzu ka je ka durƙusa mata, kafin in ɗaga maka nono."

Na sa babbar riga na zagaya. Na yi sallama a ƙofar gida sau uku kamar yadda na saba, don in ba ta lokacin ɓoye abin da take ci ta ja mayafi. Aka ce in shigo. Na tarar da ita zaune a kan tabarma a gindin rumbun, wanda gefensa ya riga ya zaizaye an tokare shi da itace, da kwanon ɗumamen tuwo a gabanta. Kanta babu mayafi. Na durƙusa daga nesa na sunkuyar da kai, ina jiran in ji ƙarar faifai a kan kwano. Sai na ji ta ce,

"Isyaku, matso mana. Ka ci tuwo?"

Shekara shida ina auren 'yarta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ɗago kai, muka haɗa ido, ita ba ta kawar da nata ba. Ta gutsuri tuwo ta dangwali miya ta kai baki, ta tauna a hankali tana kallona. Wanda bai tashi cikin mutanenmu ba zai ce sakin jiki ta yi da ni. Ni na san abin da aka yi mini. Kunyar nan da nake yi wa dariya, ita ce rigar da ta sa mini tun ranar ɗaurin aure, yau ta tuɓe abarta. Na zama kamar kowane yaron unguwa da ya shigo aron tsintsiya. Da zagina ta yi, ko ta jefe ni da kwanon, da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta ba da haƙuri, na ce sharrin shaiɗan ne, na ce ban yi zaton za a gane ba. Ta ci gaba da cin tuwonta har ta suɗe kwanon, ta wanke hannu.

"Babu komai, Isyaku. Ai ka iya ɗingishin, an ce har ka fi ni." Ta ture kwanon gefe. "Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Ruwan nan da nake kwashewa, kana jina?"

"Ina ji, Dada."

"To. Ka gaida gida."

Washegari na kira magini. Ya hau soron bayan hantsi, ya cire indararon ya toshe ramin ya huda ta gefenmu, yaransa suka haƙa magudana. Kafin a kira azahar sun wanke hannu sun tafi. Na tsaya ina kallon aikin da na shekara shida ina ɗagawa. Rumbun dai bai kai ƙarshen daminar ba, ya zube, na gina mata wani ta ce na gode Isyaku, kamar yadda ake gode wa ɗan ƙwadago.

Akwai wani abin da ya kamata ku sani, don kada ku ce tun ranar na shiryu. Na je Dutse da niyyar in roƙa a daina nuna wasan. Na tarar ana shirin ba ƙungiyarmu takardar yabo a kansa. Na shiga layi na karɓa, aka ɗauke mu hoto, na dawo ban buɗe baki ba. Takardar nan da kuka tashi kuna gani a jikin bangon falo, ita ce. Na kuma yi tunanin in rubuta wani wasan da zai wanke ta, na fara shafi biyu na ga ba ya ba da dariya, na ajiye. Abin da na iya yi kawai shi ne na daina rubuta wasa gaba ɗaya, na koma aji da allina, kuma ko wannan ban san ko tuba ce ko tsoro ba.

Iya da Dada sun shirya kafin Iya ta rasu. Iya ce ta ajiye kunyar surukuta gefe ta zagaya da ƙafarta, na ji su ta katanga suna kuka suna dariya. Ni kuwa Dada ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan wasan, kuma kullum muka haɗu sai ta dube ni ta ce, Isyaku ina kwana, Isyaku ya makaranta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa hana ku zuwa wurinta ba, ku da kanku kun san irin furar da take dama muku. Amma ko sau ɗaya ban ji sunan nan a bakinta ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Ba zan ce ku goge wasan daga wayoyinku ba, ya riga ya fi ƙarfina, yana hannun mutanen da ban sani ba. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda ya nuna wa ɗansa, ya faɗa masa cewa matar nan nononta ludayi yana tsayawa a cikinsa, kuma ruwan randar a bakin ƙofa take zubar da shi.

A ciwonta na ƙarshe mun dawo da ita gidanmu, ɗakin soron nan dai. Hankalinta ya fara komawa baya, tana kiran mijinta, tana tambayar ko an tatsi shanun da suka daɗe da mutuwa. Wata rana da hantsi na shiga duba ta, na tarar mahaifiyarku ta tallafe ta tana ba ta kunu da ludayi. Kwana biyu ke nan ba ta karɓi komai ba sai ranar. Tana jin sallamata sai ta ture ludayin, ta lalubi mayafi ta ja shi ta rufe fuska, ta juya wa bango.

"Hajara, rufe kwanon," ta ce ƙasa-ƙasa. "Malamin makaranta ya shigo."

Na durƙusa a bakin ƙofa hawaye suna zuba. Shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan. Na dubi mahaifiyarku na ce mata, kin ji, ta yafe mini.

Ta dube ni, ba da fushi ba, da ludayin a hannunta.

"Mantawa ta yi, Malam. Fita ta samu ta sha kununta."

Na tashi na fita.